Kwana biyar a Estoniya cikin Disamba: in zauna ko in tsallaka Faris?

Maman Nasiba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin duk wanda ya taɓa taka ƙasar Estoniya. Wurin aikinmu sun ba da sunana zuwa wani taron ƙara wa juna sani na kwana uku a garin Tartu, makon farko na Disamba in Allah ya kai mu. Biza ta fito, kuma ta bar mini kwana biyar bayan an tashi taron. Ban taɓa zuwa Turai ba, tafiyata mafi nisa Umara ce. Maigida ya ce tunda an sha wahalar bizar nan, in yi amfani da kwanakin in leƙa Faris. Ni kuma zuciyata ta fi kwanciya da in tsaya in ga ƙasar da ta karɓe ni, amma duk wanda na tambaya a nan Zariya sai ya ce bai ma san inda take ba. Akwai abin da zai riƙe mutum kwana biyar a can? Yaya maganar abinci da sallah? Sanyin kuma fa, wanda aka haifa a Sabon Gari zai iya da shi?

Alhaji Na-Kwari

Wa alaikumus salam Hajiya. Maganar maigidanki ita ce magana. Na je Tallinn, babban birnin nasu, daga Helsinki, babban birnin Finlan, a jirgin ruwa. Da safe na tafi, da daddare na dawo, kuma awa huɗu suka ishe ni na zagaye tsohon garin. Ƙasar gaba ɗaya mutanenta ba su kai miliyan ɗaya da rabi ba, cikin birnin Kano kaɗai ya ninka su. Bizar Shengen kuwa, wadda take shigar da mutum ƙasashen Turai da yawa, ba kullum ake samunta ba. In Faris ta yi miki nisa, ki hau bas zuwa Riga ta ƙasar Latbiya, awa huɗu da rabi ne, daga nan ki wuce Vilnius ta Lituweniya. Kin ga ƙasa uku ke nan a tafiya ɗaya.

Ɗan Gumel

Anti barka da warhaka. Shekarata ta uku ke nan ina karatu a Tallinn, bari in faɗi abin da na sani, Alhaji kuma ya yi mini afuwa don zan saɓa masa.

Abin da ya kamata ki fara lissafawa ba yawan ƙasashe ba ne, hasken rana ne. A Disamba rana tana fitowa wajen ƙarfe 9 na safe, kafin 3 da rabi na yamma ta faɗi. Awa shida ke nan, kuma galibi hadari ya lulluɓe sama, ranar ma ba a ganinta sosai. In kika ɗauki awa huɗu da rabi kika ba bas, kin cinye yinin a kan kujera, ki sauka Riga cikin duhu, gobe ki sake ɗaukar jaka. Za ki dawo gida da sunayen garuruwa uku da gajiya, ba ki ga ko ɗaya ba.

Tartu kanta kada ki raina ta. Jami'arta tun 1632 aka kafa ta, kuma rabin rayuwar garin a kanta take. Akwai Gidan Tarihin Ƙasa a unguwar Raadi, wanda aka buɗe sabon gininsa a 2016 a bakin tsohon filin jiragen yaƙin Sobiyet. Ginin dogo ne, rufinsa yana tasowa kamar titin tashin jirgi. Ki ba shi rabin yini. Za ki ga tufafinsu na gargajiya, kayan nomansu, da yadda harshensu yake da dangantaka da na Finlan amma ba shi da haɗi da Rashanci ko Jamusanci. In kika fara da shi, duk abin da za ki gani daga baya zai fi zauna miki.

Daga Tartu zuwa Tallinn kilomita 186 ne, jirgin ƙasa ko bas, awa biyu zuwa biyu da rabi. Ranar da kika sauka ma ba sai kin shiga cikin gari ba, basa-basan Tartu suna tsayawa a filin jirgin Tallinn.

Alhaji Na-Kwari

Yaro, ba na ƙin maganarka, amma gidan tarihi ai kowace ƙasa tana da shi. Mutum ya biya kuɗin jirgi ta Istanbul, ya biya Yuro 90 na biza, ya sayi inshora, sannan ya ƙare a kallon tsoffin garemani? In ta dawo aka ce ina kika je, ta ce Tartu, wa zai gane?

Baban Khalil

Alhaji, ai ba don masu tambaya ake tafiya ba. Ni na yi mako biyu a can cikin Yuni, horo aka tura mu kan yadda suke gudanar da ayyukan gwamnati ta intanet, kuma na tafi da irin tunaninka. Abin da ya sauya ni wani dattijo ne da ya zagaya da mu filin bikin waƙa na Tallinn. Wani ƙaton dandamali ne mai rufi kamar ɓawon ƙwai, wanda dubban mawaƙa ke tsayawa a ƙarƙashinsa lokaci guda. Bikin ya faro ne a Tartu a 1869, yanzu duk shekara biyar ake yi. Mutumin ya ce a ƙarshen zamanin Sobiyet nan suke taruwa su rera waƙoƙin ƙasarsu da hukuma ba ta so, kuma shi da kansa yana cikin waɗanda suka riƙe hannun juna ranar 23 ga Agusta 1989, layi ɗaya na mutum wajen miliyan biyu daga Tallinn ta Riga har Vilnius, sama da kilomita 600. Bayan shekara biyu, 20 ga Agusta 1991, suka dawo da 'yancinsu. Yana ba mu labarin muryarsa tana rawa.

Ƙasar nan kusan girman jihar Kaduna ce, amma Denmak ta mulke ta, Jamusawa sun mulke ta, Suwidin ta yi, Rasha ta yi. Sun samu 'yanci a 1918, aka ƙwace a 1940. A Yunin 1941 an kwashi mutum wajen 10,000 a jiragen ƙasa zuwa Sabiriya, a Maris 1949 aka sake kwasar sama da 20,000, akasari mata da yara da tsofaffi. Ƙaramar al'umma ce da ta riƙe harshenta duk da wannan. Ni wannan ya fi tsaya mini a rai a kan hoto gaban dogon ƙarfen Faris, kuma na je Faris ɗin.

Hajiya, in kin je Tallinn ki hau bene na 23 na otal ɗin Viru. Nan jami'an KGB, hukumar leƙen asirin Sobiyet, suka ɓoye na'urorinsu suna sauraren baƙin otal ɗin, an mayar da wurin gidan tarihi, amma sai an kama wuri tukuna don da ɗan rakiya ake hawa.

Maman Nasiba

Allah ya saka da alheri. Baban Khalil, wannan labarin ban taɓa jin sa ba ko a makaranta. Amma kai ka je da bazara, ni lokacin duhu zan je. Ɗan Gumel, tsakaninka da Allah, yaya mutanen suke da baƙar fata, musamman mace mai hijabi?

Ummu Yasir

Bari in amsa wannan kafin shi, don ni mace ce kuma da hijabina na je, na raka maigida kwana shida shekarar da ta wuce. Ba wanda ya zage ni, ba wanda ya taɓa ni, wannan gaskiya ne. Amma ban ji daɗin mutanen ba. Ka shiga bas, kujerar kusa da kai babu kowa, mutum ya gwammace ya tsaya. Ka gaida mai kanti ta ɗaga kai kawai. Wata rana na zame a kan ƙanƙara kusa da tashar jirgin ƙasa, jakata ta zube, mutum biyu suka wuce ni kafin wata tsohuwa ta tsaya ta tattara mini kayana, ita ma ba ta ce uffan ba. Na koma masauki na yi kuka. A wurinmu ko maƙiyinka ne ya faɗi ai ka ce masa sannu. Ni dai na ɗauka fatata ce, kuma har yau ban sauka daga kan haka ba.

Ɗan Gumel

Sannu Anti Ummu Yasir, wallahi na ji zafin wannan, kuma ba zan ce miki babu masu ƙyamar baƙi ba. Akwai. An taɓa jefa mini baƙar magana da daddare a tashar bas, wani ne da ya sha ya bugu. Lokacin da nake neman ɗakin haya kuma, sau biyu ana ce mini akwai, da aka gan ni aka ce an riga an bayar.

Amma maganar kujera da gaisuwa, ki yarda da ni, haka suke yi wa junansu. Na sha zama a baya ina kallo. Bature ya shigo, ya ga kujera kusa da ɗan uwansa Bature, ya wuce ya tsaya. Maƙwabcina na ƙofa da ƙofa, sai da muka yi wata takwas kafin maganarmu ta wuce "tere", wato sannu. Ranar da zazzaɓi ya kwantar da ni, shi ya kai ni asibiti a motarsa, ya jira awa uku a waje, a hanyar dawowa bai yi magana goma ba. A wurinsu barin mutum da harkarsa shi ne ladabi, kuma tambayar "yaya gida, yaya yara" ga wanda ba ka sani ba shisshigi ne. Tsohuwar da ta tattara miki kaya, a ganina iyakar sannun da ta iya ke nan.

Ummu Yasir

Na ji ka ƙanena. Amma kai ka zauna shekara uku ka koyi karanta su. Mai kwana biyar fa? Abin da ta gani a fuska shi za ta ɗauka. Ni ina gaya mata ne don ta shirya zuciyarta, kada ta je da tsammanin za a karɓe ta kamar yadda ake karɓar baƙo a Madina.

Baban Khalil

Ku duka biyun kuna da gaskiya a nan. Abin da na lura shi ne in ka tambaye su abu kai tsaye, suna amsawa da gaske. Na tambayi wata matashiya hanya, ta fito da waya, ta duba, ta taka da ni har kwana, ta juya ba sallama. Matasa kusan duk suna jin Turanci, manya kuma da yawa Rashanci suka fi ji. Ki riƙe kalma biyu, tere da aitäh, ta biyun ita ce na gode.

'Yar Maraɗi

Salamu alaikum. Ni a Helsinki nike zaune shekara tara, Tallinn kamar kasuwar ƙauye ce gare mu, muna tsallakawa mu dawo. Yaya, maganar sanyi nika so in yi maki, don na ga maza sun tafi tarihi sun bar ki da atamfa.

Sanyin Disamba yakan tsaya kusa da sifili, wani lokaci ya sauka goma ƙasa da sifili, ga iskar teku mai ratsa ƙashi. Ba kauri ɗaya ake sawa ba, hawa-hawa ake yi. Riga da wando masu kama jiki a ciki, suwaita a kai, sannan babbar riga mai tare iska da ruwa. Abayarki ko zanenki su hau kan wandon, amma kada su ja ƙasa, don za su sha ruwan ƙanƙara. Safar hannu dole. Hula kuma ki sa ta ƙarƙashin hijabi. Cikin gine-gine da zafi, shi ya sa ake son abin da za ki iya cirewa.

Takalmi shi ne babba. Tsohon garin Tallinn da duwatsu aka daɓe shi, ga hawa ga gangara, in ruwa ya daskare a kai santsi ne tsantsa, abin da ya samu Ummu Yasir ke nan. Ki samu but mai ƙasan roba mai zane, ki ƙara lamba ɗaya saboda safa mai kauri. In babu a Zariya ki bari ki saya can ranar farko. Man shafawa mai nauyi da man leɓe kada ki manta, fata tana tsagewa fiye da lokacin hunturu.

Wani abu kuma, a Estoniya doka ce mai tafiya a ƙasa cikin duhu ya rataya ɗan abin nan mai ƙyalli da fitilar mota ke haskawa. Helkur suke ce masa. Kowane babban kanti akwai shi, kuɗinsa kaɗan ne, ana maƙala shi a gefen riga daidai gwiwa. Ke da za ki sa baƙar abaya cikin garin da duhu ke yi tun la'asar, ko ba doka kina buƙatarsa.

Helsinki kuwa kilomita 80 ce, awa biyu a jirgin ruwa, ana tashi sau da yawa a yini. In kina son ƙasa ta biyu ga ta nan, ba sai kin kai Faris ba. Ki riƙe fasfonki ko da ba a cika tambaya ba.

Malam Na-Tudun Wada

Hajiya ta tambayi sallah ba wanda ya amsa. Ke matafiyiya ce. Kwana ukun taro ba su kai kwana huɗun da malamanmu na Malikiyya suka ce niyyar zamansu tana yanke hukuncin tafiya ba, don haka ƙasaru ya halatta gare ki, haka in kina sauya gari ba ki yi niyyar kwana huɗu a ɗaya ba. Amma ki zauna da malaminki kafin ki tashi ki faɗa masa tsarin kwanakin, don ya ba ki hukunci a kan abin da za ki yi ainihi. Ɗan Gumel, yaya lokutan suke a can?

Ɗan Gumel

Allah ya gafarta Malam, a Disamba lokutan a cushe suke. Azahar ƙarfe 12 da 'yan mintuna, la'asar kusan awa ɗaya bayanta, magariba kafin 3 da rabi. In aka shiga zaman taro bayan cin abincin rana, kafin a fito sallah biyu sun wuce. Don haka Anti ki duba jadawalin taron tun yanzu, ki roƙi masu shiryawa su nuna miki ɗan ɗakin da ba kowa, ba sa hanawa. Asuba kuma da sauƙi, don gari ba ya wayewa da wuri. Da bazara ne muke shan wuya, shafaƙi ba ya ɓacewa, azumi ya kai awa 18 ko fiye in ya faɗo tsakiyarta. Akwai cibiyar Musulunci a Tallinn kusa da filin jirgi, unguwar Ülemiste, nan muke Juma'a. Musulmin asali na ƙasar nan 'yan ƙabilar Tatar ne, sun daɗe a nan tun zamanin sarakunan Rasha.

Abinci kuma a yi hattara, naman alade ya yi yawa a girkinsu. Kalmar da za ki guje wa a jikin kwali ita ce sealiha. Kana kaza ce, kala kifi ne. Lokacin da za ki zo an kafa kasuwar Kirsimeti a dandalin tsohon gari, tana da kyan gani da fitilu, amma baƙin tsiran da ake soyawa a wurin da jini ake yinsa, abin sha mai zafin da ake sayarwa kuma wani da giya wani babu, sai kin tambaya. Kifi ne mafitarki, da dankali, da baƙin burodinsu mai ɗan tsami da suke kira leib, wanda ni yanzu ba na iya kwana biyu ban ci ba. Akwai gidajen abincin Turkawa da shagunan naman halal a Tallinn. Ruwan famfo ana sha. Ki nemi kama ki ɗanɗana, garin hatsi ne da wake da aka soya aka niƙa, ana dama shi da nono mai tsami. Ranar da na fara sha sai da na tuna fura.

Alhaji Na-Kwari

To, na ga an taru a kaina. Ni dai ɗan kasuwa ne, lissafin riba nake yi, kuma har yanzu ina ganin kwana biyar sun yi yawa. Amma in za ta zauna, abu biyu na yarda sun burge ni. Akwai kantin magani a dandalin tsohon garin da aka ce yana aiki tun 1422, har yau ana sayar da magani a ciki. Sannan ki hau tudun Toompea ki leƙo jajayen rufin gidaje da teku. Kuma Bolt ɗin nan da muke hawa a Kano da Abuja kamfaninsu ne, manhajar da ke wayarki za ta yi miki aiki a can. Ki tabbatar katin bankinki yana aiki a waje, don su ko kofin shayi da kati suke biya. Kada wani ya ce miki bas kyauta ne a Tallinn, kyautar ta mazauna garin ce masu rajista, baƙo biya yake.

Baban Khalil

In an samu ranar da sama ta washe, ki ba daji yini ɗaya. Rabin ƙasar daji ne, kuma wanda bai fita gari ba bai ga abin da su suke ƙauna ba. Gandun Lahemaa tafiyar kamar awa ɗaya ce gabas da Tallinn. A ciki akwai fadamar Viru, inda aka shimfiɗa katako mutum yake takawa a kai kilomita uku da rabi, ruwa baƙi wuluk hagu da dama, bishiyoyi gajeru, da hasumiyar katako da ake hawa a hango ko'ina. Shirun wurin ban taɓa jin irinsa ba. Amma cikin Disamba kada ki je ke kaɗai, ki bi masu kai baƙi, ku fita da sassafe.

Maman Nasiba

Alhamdu lillahi, na karanta duka har sau biyu, na kuma nuna wa maigida. Mun tsaya a kan haka: kwana ɗaya in ƙara a Tartu saboda gidan tarihin, uku a Tallinn, ɗaya daga ciki in tsallaka Helsinki in 'Yar Maraɗi za ta tare ni, na ƙarshe kuma daji in yanayi ya bari. Ummu Yasir, na riƙe maganarki, ba zan je da dogon buri a kan fara'a ba. Alhaji, Faris tana nan, Allah ya sa da rabo. Saura tambaya ɗaya. Surukata ta ce za ta yi mini dambun nama, ni kuma na yi niyyar sayen kilishi saboda maganar alade. Kilo nawa ake bari?

'Yar Maraɗi

Zan tare ki a tashar jirgin ruwa in sha Allahu, ki turo mini ranar ta akwatin sirri. Amma kilishi da dambu ko ƙwaya ɗaya kada ki ɗauko. Dokar Tarayyar Turai ta hana shigo da nama da kayan madara a jakar matafiyi daga ƙasashenmu, busasshe ne ko ɗanye, man shanu ma yana ciki. In aka gani za a karɓe a zubar, wani lokaci har da tara. Ki ce wa Inna ta yi maki ƙuli-ƙuli da garin kunun gyaɗa da yaji, ki haɗa da dabino. Ki zo da abin da ake jona filogi kuma, soket ɗinsu mai rami biyu ne zagayayyu, cajarki mai ƙafa uku ba za ta shiga ba.